Kundin Aiki: Koguna a Adabin 'Yan Asalin Nahiyar Amurka

6 ga Janairu, 2025

Aikin da na ɗauko ɗan ƙaramin littafi ne da Hausa, mai taswira a tsakiya, a kan yadda kogi yake fitowa a labarai da waƙoƙin mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar Amurka, tun daga Kanada har tsaunukan Peru da dazukan Barazil. Ɗaliban adabi nake rubuta wa, amma ina so duk wanda ya ɗauka ya karanta ya gane. Yawancinmu a finafinan kaboyi muka san waɗannan mutane, suna ihu a kan dawaki ana harbinsu. Alhali al'ummomi ne ɗaruruwa, kowace da harshenta, wasu ma sun gina birane suna da rubutunsu tun kafin Kolumbus ya isa a 1492.

Sharaɗi biyu na gindaya wa aikin: duk kogin da zai shiga sai yana da suna, kuma sai an san bakin da labarinsa ya fito. Ba na son irin maganar nan ta "sun yi imani ruwa rai ne", wadda ba ta da uwa ba ta da uba. 'Yar ƙanwata da ke karatun labarin ƙasa ita za ta zana taswirar.

19 ga Janairu

Na fara da Popol Vuh, littafin mutanen K'iche', wani reshe na Maya a tsaunukan Gwatamala. Manyansu ne suka rubuta shi da harshensu amma da baƙaƙen Turawa a tsakiyar ƙarni na 16. Asalin takardar ta ɓace. Abin da ya saura shi ne kwafin da wani limamin Katolika, Francisco Ximénez, ya yi a garin Chichicastenango tsakanin 1701 da 1703, K'iche' a gefe ɗaya, Sifaniyanci a ɗaya gefen. Yau kwafin yana ɗakin karatu na Newberry a Shikago.

Hanyar zuwa Xibalba, ƙasar sarakunan mutuwa, koguna ne suka gitta ta: na kunamu, na jini, na mugunya. Mahaifin tagwayen nan Hunahpu da Xbalanque ya bi ta tare da ɗan'uwansa, suka haye lafiya, can gaba aka yaudare su aka kashe. Da tagwayen suka tasa suka bi sawun ubansu, a kan bututun da suke hurawa su harbo tsuntsaye suka haye.

Inda labarin ya riƙe ni shi ne can wajen ƙarshe. Tagwayen sun san sarakunan za su ƙone su, sai suka riga suka haɗa baki da bokaye biyu: in an tambaye ku yadda za a yi da ƙasusuwanmu, ku ce a niƙa su lilis kamar garin masara a watsa a kogi. Haka kuwa aka yi. A rana ta biyar aka hango su cikin ruwa, rabi mutum rabi kifi. Daga nan suka fito a matsayin 'yan wasa masu tsumma, suka yi ta abin al'ajabi har aka kira su fada, a nan suka gama da sarakunan. Zancen masarar ma ba ado ba ne, don a littafin da ƙullun masara aka yi mutanen farko na sosai. Gari ya shiga ruwa, mutum ya fito. A ƙasa guda ke nan, ruwa ne ke tsare ƙofar mutuwa, ruwa ne kuma ya dawo da waɗanda suka karya ta.

Mai taswira ta kalli bayanan ta ce, "Kawu, shi kogin mugunyar a wane lardi zan sa shi?" Mun yi dariya, amma tambaya ce ta gaske. Mun tsaya a kan za a yi ɗan akwati a gefen taswirar don kogunan da ba a doron ƙasa suke ba.

2 ga Fabrairu

Akwatin ya samu baƙo na biyu daga Meziko. Bernardino de Sahagún, shi ma limamin Katolika ne, ya zauna da dattawan Aztek da ɗalibansa 'yan ƙasa suka tattara littattafai 12 da harshen Nahuatl da Sifaniyanci, aka kammala wajejen 1577. A ciki an ce mamaci yakan yi shekara 4 yana tafiya kafin ya isa wani faffaɗan kogi a ƙasar matattu, Mictlan, kuma kare ne ke fitar da shi. Ba kowane kare ba. Fari zai ce shi ya riga ya yi wanka, baƙi zai ce ya riga ya ɓata jikinsa, sai ja-ja mai ruwan ɗorawa ne ke ɗaukar ubangidansa a baya. Shi ya sa ake kashe irin wannan karen a haɗa da gawa.

A littafi na 6 kuma akwai jawabin ungozoma yayin da take wa jariri wanka, tana kiran Chalchiuhtlicue, abar bautarsu mai iko da koguna da tafkuna, ta wanke shi. Shafi biyu za su ishi wannan babin. Matsalarsa ita ce maganar dattawan ta biyo ta hannun mai neman raba su da addininsu, dole in sanar da mai karatu haka tun a layin farko.

15 ga Fabrairu

Wani abokina mai koyar da adabi ya duba abin da na tara ya ce, "Malam, kana wahalar da kanka. Ka raba shi gida huɗu ka huta: kogi alamar rai, alamar mutuwa, alamar iyaka, alamar tsarki. Ɗalibai haka suke so, abin da za su haddace su zuba a jarrabawa." Shawarar tana da sauƙin bi. Na ƙi ta ne saboda abin da nake karantawa a makon nan.

A arewa maso yammacin Barazil, kan iyaka da Kolombiya, akwai kogin Vaupés da ke zuba cikin Rio Negro, baƙin kogin da ke haɗuwa da Amazon kusa da Manaus. A nan Tukano da Desana da danginsu suke zaune. A 1980 wani dattijon Desana, Firmiano Lana, da ɗansa Luiz Lana suka fitar da labarin asalin duniya kamar yadda zuriyarsu ta riƙe shi, da taimakon masaniya Berta Ribeiro. Ana lissafa shi a matsayin littafin farko da 'yan asalin Barazil suka rubuta da sunansu. Sunan littafin yana nufin a da can babu duniya.

A labarin, kakannin mutane sun taso daga Tafkin Madara a cikin wani jirgi wanda shi kansa ƙatuwar mesa ce. Jirgin ya yi ta hawa kogi, yana tsayawa a gidaje ɗaya bayan ɗaya, a kowane gida mutanen da ke ciki suna ƙara zama mutane, suna samun kayan rawa, da addu'o'in magani, da harshe. A duwatsun Ipanoré, inda Vaupés yake gudu da ƙarfi, suka fito ta wani rami, kowace ƙabila da shugabanta, bi da bi. Har Bature yana ciki, ya fito da bindiga a hannu aka sallame shi ya tafi.

To ga abin da ya hana ni bin shawarar abokina. Waɗannan gidajen wurare ne da za ka iya zuwa da kwale-kwale ka nuna da yatsa. Jerin fitowar kuwa shi ne jerin girma har yau: zuriyar da ta riga fitowa ita ce yaya, kuma bisa al'ada yayye ne ke zama a gaɓar babban kogi ta wajen gangare inda kifi ya fi yawa, ƙanne su haura ƙananan rafuka. Mutum ba ya auren mai harshen ubansa, sai ya nemo mata daga wata ƙabilar, ta wani kogin. Wanda ya iya karanto tafiyar jirgin tun daga farko har inda kakansa ya sauka, ya karanto takardar gadonsa ke nan, kamar dai yadda dattijo ke tsayawa gaban mai gari ya lissafo wa ya sari gona, wa ya gāje shi. A 2006 hukumar adana kayan tarihi ta Barazil ta yi wa magangarar ruwa ta Iauaretê, a kan Vaupés ɗin, rajista a matsayin wuri mai tsarki na waɗannan ƙabilu, bisa irin waɗannan labaran.

In na jefa wannan cikin gidan "alamar rai", na zubar da rabon ƙasa da tsarin aure da jerin girma, na riƙe ɓawo. Saboda haka babobin za su bi koguna, kowane kogi da babinsa.

9 ga Maris

Azumi ya shigo, aikin ya koma bayan sahur, kaɗan-kaɗan. Abu ɗaya na gama: 'yar gajeriyar makala a kan ɗamarar nan ta Haudenosaunee, ƙawancen ƙabilun da ke yankin jihar New York da kudancin Kanada. An saƙa ta da fararen duwatsun ado na ɓawon halittun ruwa, layi biyu masu launin shunayya suka ratsa ta ba su haɗu ba. A riwayarsu yarjejeniya ce da mutanen Holan a 1613: layi ɗaya kwale-kwalensu, ɗaya jirgin baƙi, kogi guda suke bi, kada wani ya kama wa wani tuƙi. Wani zai ce wannan ba adabi ba ne. Ni na saka ta, don ana miƙe ta a gaban taro a karanta ta da baki, kuma har gobe suna kafa hujja da ita.

12 ga Afrilu

An yi Sallah, zafi ya sauka, na koma Peru.

Tsohon rubutun da ke can shi ne na Huarochirí, da harshen Kechuwa, wajejen 1608, wanda aka tattara a ƙarƙashin limami Francisco de Ávila, mutumin da ya shahara da farfasa gumakan mutanen yankin. A tsaunuka ruwa na noman rani ne, don haka labarin ma na hanyar ban-ruwa ne. Wata mata, Chuquisuso, tana kuka masararta na bushewa. Pariacaca, abin bautarsu na tsauni, ya ce zai kawo ruwa in ta yarda da shi. Ta ce a fara ganin ruwa tukuna. Dabbobin daji suka taru suka haƙa hanyar. A ƙarshe ta zama dutse a bakin magudanar, kuma rubutun ya ce duk shekara in za a yashe magudanar sai a yi mata biki da giyar masara. Labarin ne ke tuna wa gari ranar gayya.

Wanda ya fassara wannan rubutu zuwa Sifaniyanci a 1966 shi ne José María Arguedas, marubuci ɗan Peru, kuma a kansa na fi daɗewa. An haife shi a Andahuaylas a 1911, ya rasu a 1969. Ba ɗan ƙabilar masu jin Kechuwa ba ne ta jini. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, matar ubansa ta tura shi ɗakin girki wajen barori masu jin Kechuwa, a hannunsu ya tashi. Na yi ta juya ko ya cancanci shiga littafin. Na bar shi ciki, zan faɗi matsayinsa ƙarara.

Ƙagaggen labarinsa na 1958, Los ríos profundos, wato koguna masu zurfi, labarin Ernesto ne, yaro ɗan shekara 14, wanda ubansa lauya mai yawo ya ajiye a makarantar kwana ta 'yan mishan a Abancay. In makarantar ta ishe shi sai ya gangara kogin Pachachaca. A kan kogin akwai gada da Sifaniyawa suka gina, yaron kuma ya rasa wanne ya fi so, gadar ko ruwan. Wannan rashin zaɓin shi ne halin da yake ciki gaba ɗaya, ɗan masu mulki da ya sha nonon waɗanda ake mulka. Tun a babin farko, a Cusco, da ya dafa katangar da Inka, masu mulkin Peru kafin zuwan Sifaniyawa, suka gina, sai ya ga duwatsun suna motsi kamar kogi a damina, lokacin da ruwa ya yi ja ya tumbatsa, wanda mutanen tsaunin ke kira kogin jini. Can gaba mata masu sayar da giyar masara suka yi bore a kan gishiri, annoba ta ɓarke, manoman da ke bauta a gandun attajirai suka ƙetaro kogi duk da sojoji. Arguedas bai tsaya yi wa mai karatu bayani ba. Ya riga ya nuna maka yadda ruwan yake in ya cika, saura kai ka haɗa.

Kogin jini ya fito a Gwatamala, ya fito a Peru. Zan ja kunnen ɗalibai kada su ɗaura musu aure. Na farko shinge ne a hanyar matattu, na biyu ambaliya ce da manomi ke gani da idonsa duk shekara.

27 ga Afrilu

Babin da ya fi nauyi shi ne na madatsun ruwa a ƙasar Amurka.

Mutanen ƙabilar Cherokee suna kiran kogi Dogon Mutum: kansa a tsaunuka, ƙafafunsa a kwari, kullum yana magana ga mai iya ji. Suna da al'adar zuwa ruwa da asuba, a fuskanci gabas, mai magani yana karanto addu'a. Mun san kalmomin addu'o'in ne saboda masu maganin sun rubuta su da kansu, da baƙaƙen da wani ɗan ƙabilar, Sequoyah, ya ƙirƙiro a 1821, kuma James Mooney, mai binciken al'adu da ya fara aiki a cikinsu a 1887, ya samu littafin wani mai magani da ake kira Swimmer.

A Nuwamban 1979 aka rufe ƙofofin madatsar Tellico a kan kogin Little Tennessee. Ruwa ya shanye kufan Chota, tsohon babban birnin Cherokee, da Tuskegee inda aka haifi Sequoyah. Abin takaicin shi ne, ƙarar da ta tsayar da aikin na ɗan lokaci, har ta kai Kotun Ƙoli a 1978, a kan wani ɗan mitsitsin kifi aka yi ta, wanda ake tsoron zai ƙare. Ƙarar da Cherokee suka shigar a kan kaburbura da wuraren ibadarsu kuwa watsi aka yi da ita.

A kogin Columbia akwai tsohuwar tatsuniya ta Coyote, karen dajin nan mai wayon dila. Wasu 'yan'uwa mata sun datse kogi sun tsare kifin salmon su kaɗai. Coyote ya rikiɗa ya zama jariri ya biyo ruwa, suka tsince shi, da suka fita ya fasa madatsar, kifi ya haura kowa ya samu. Ranar 10 ga Maris, 1957 madatsar The Dalles ta nutsar da magangarar Celilo, inda aka yi dubban shekaru ana su ana kasuwa, cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya ji tatsuniyar bayan wannan ranar ba irin jin kakansa zai yi mata ba, ko da ba a canza kalma ɗaya ba.

Kogin Missouri zan taƙaita shi: shirin gina madatsu na Pick-Sloan na 1944, madatsar Garrison da ta cinye fiye da eka 150,000 na ƙasar ƙabilun Mandan da Hidatsa da Arikara, sai zaman dirshan da 'yan asalin ƙasar suka yi a Standing Rock a 2016 don adawa da bututun mai. Zan rufe babin da Natalie Diaz, mawaƙiya 'yar ƙabilar Mojave da ta tashi a gaɓar kogin Colorado, wadda kundin waƙoƙinta na 2020 ya ci kyautar Pulitzer a 2021. A wata doguwar waƙa ta ce kogin da jikinta abu ɗaya ne, ta kuma gargaɗi mai karatu kada ya ɗauka salon magana take yi. Colorado ɗin yanzu da ƙyar yake kaiwa teku saboda yawan jan ruwa. Na tura wa abokina wannan waƙar. Ya amsa da cewa, "To Malam, mawaƙiya ta hana mu sana'armu."

11 ga Mayu

Na koma Barazil, jihar Minas Gerais. Ranar 5 ga Nuwamba, 2015 madatsar Fundão, inda kamfanin Samarco ke tara dagwalon ma'adinin ƙarfe kusa da Mariana, ta fashe. Mutum 19 suka mutu. Laka ta bi kogin Doce fiye da kilomita 600 har Tekun Atlantika. Mutanen Krenak da ke gaɓarsa suna kiran kogin Watu, kakansu. Bayan lakar aka koma kawo musu ruwa a tanka, su ya tsaya, wanka ya tsaya, yara suka tashi ba su koyi iyo a cikinsa ba.

Ailton Krenak, marubuci ɗan wannan ƙabila, wanda aka zaɓa cikin Majalisar Marubutan Barazil a 2023, ɗan asalin ƙasa na farko da ya shiga, ya yi magana a kan wannan a ɗan littafinsa na 2019. Hujjarsa ita ce sai an fara cire wa kogi mutuncinsa, a mai da shi kaya, sannan ake iya zuba masa shara. Ba dole mai karatu ya yarda kogi kaka ne ba, ni ma ba aƙidata ba ce. Amma in ka fassara maganarsa da cewa "alama" yake nufi, ka sauya masa magana a baki, kuma ka tsaya a gefen waɗanda yake zargi.

24 ga Mayu

Daftarin farko na babobin ya kammala, ban da guda. Taswirar ce ta kawo sabuwar gardama. Mai zanen ta sa jan layi a duk inda madatsa take, sai muka zo kan kogin Klamath da ke ratsa Oregon da Kalifoniya. A 2002 dubban kifin salmon sun mutu a cikinsa saboda ƙarancin ruwa. A 2019 majalisar ƙabilar Yurok ta ba kogin haƙƙi irin na mutum a dokarta. Tsakanin 2023 da 2024 aka rushe madatsu 4 da ke kansa, bayan shekaru da Yurok da Karuk suka yi suna fafutuka, kuma a Oktoban 2024 aka ga salmon ya haura har ɓangaren Oregon, karo na farko tun 1912.

Ta ce, "Kawu, in goge su ne, tunda babu su?" Na ce ta bar su da layi mai ɗigo-ɗigo, ta rubuta shekarar da aka rushe kowace a gefe.

Babin da ya rage na kogin Marañón ne a Peru, inda ƙungiyar matan Kukama ta ci ƙara a wata kotu a Nauta a Maris ɗin 2024, aka amince kogin yana da haƙƙinsa. Kukama suna cewa wanda ruwa ya ci ba a ga gawarsa ba yana can da rai a garuruwan ƙarƙashin kogi, yana aiko wa dangi saƙo a mafarki. Zan fara da labaran da gidan rediyon Ucamara na Nauta ya tattara daga bakin mutanen gaɓar, sannan in karanta hukuncin kotun.